Tambayoyinku: Wai Linux da Android kayan sata ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Tsohuwar kwamfutata ce Windows ta yi wa nauyi, sai na ɗora mata Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar Linux. Abokin aikina ya ce in gaggauta cirewa, wai Linux satar fasahar wasu kamfanoni ce, an sha kai ta kotu, kuma mai amfani da ita ma zai iya shiga matsala. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka cire komai, ɗan'uwa. An je kotu kam, a nan abokinka bai yi ƙarya ba, amma da alama farkon labarin ya ji, bai bi ƙarshensa ba.

Shari'ar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta kamfanin SCO na Amurka. A watan Maris na 2003 ya maka IBM a kotu yana neman diyyar dala biliyan 1, bisa zargin cewa IBM ya kwashi rubutun babbar manhajar Unix, wadda aka ƙirƙira a ɗakin binciken Bell Labs a 1969, ya zuba cikin Linux. Bai tsaya nan ba. Ya aika wa manyan kamfanoni kusan 1,500 wasiƙun gargaɗi, ya ce duk mai saba (babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) da ke aiki da Linux ya biya shi dala 699 kuɗin lasisi, sannan a 2004 ya kai ƙarar AutoZone da DaimlerChrysler, waɗanda masu amfani da manhajar ne kawai. Lura da kyau: manyan kamfanoni ya bi, masu kwamfutoci birjik da aljihu mai nauyi.

Da aka matsa masa ya kawo hujja, a wani taronsa a birnin Las Vegas cikin Agustan 2003 ya haska wasu layukan rubutu a allo, wani sashe ma an sauya shi zuwa haruffan Girkanci don kada a karanta. Masana suka warware shi cikin ɗan lokaci, suka bi salsalarsa. Wani ɓangaren tsohon rubutun Unix ne da aka riga aka saki ga kowa, wani kuma daga BSD ya fito, wata babbar manhaja dangin Unix wadda lasisinta ya yarda a ɗauka.

Sai kuma kamfanin Novell ya fito ya ce ai haƙƙin mallakar Unix ɗin ma ba na SCO ba ne, nasa ne, bai haɗa da shi ba lokacin da ya sayar da harkar Unix a 1995. Alƙali ya ba Novell gaskiya a Agustan 2007, wata guda bayan haka SCO ya shigar da takardar karyewar jari, kuma a 2010 masu taya alƙali hukunci suka sake tabbatar wa Novell. Guntun rigimar da ya rage tsakaninsa da IBM an sasanta shi a 2021 kan dala miliyan 14.25. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma abin da ke ci mini rai shi ne shekarun da aka ɓata, da mutanen da suka guji manhaja mai kyau saboda tsoron da aka dasa musu. Ga shi har yau ragowar wannan tsoro na yawo a bakin mutane. Ci gaba da aikinka da Ubuntu hankali kwance.

Tambaya: Malam, na ji an ce Microsoft ya riƙa karɓar kuɗi a kan wayoyin Android. Ta yaya, alhali Google ke da Android?

Amsa: Haka ne, ya karɓa, kuma ba kaɗan ba. Don ki gane yadda aka yi, Malama, ki raba abu biyu. Akwai haƙƙin mallakar rubutu, wanda ke hana a kwafi ainihin layukan da wani ya rubuta. Akwai kuma haƙƙin ƙirƙira, wanda ke kare dabarar kanta har tsawon shekara 20 daga ranar da aka nemi rajista. A na biyun, ko da kin zauna kin rubuta komai da hannunki ba ki taɓa ganin na wani ba, muddin dabarar ta zo ɗaya ana iya binki bashi. Ta wannan ƙofar Microsoft ya shigo wa Android, wadda a kan Linux aka gina ta.

Ga misali. Tsohon tsarin ajiyar fayil na FAT, wanda katin memori da filas ke amfani da shi, harafi takwas kawai yake karɓa a sunan fayil, sai uku na nau'insa. Idan kika sa wa takarda suna "rahoton shekara", sai a ajiye gajeren suna irin RAHOTO~1.DOC, a ɓoye dogon a gefe. Wannan 'yar dabarar ta haɗa dogon suna da gajere Microsoft ya yi wa rajista, kuma tana cikin abubuwan da ya kai kamfanin TomTom ƙara a kansu a 2009, saboda na'urorinsa na nuna hanya da Linux suke aiki. Aka sasanta cikin makonni. A ɓangaren masu ƙera wayoyin Android, HTC ya sa hannu a yarjejeniyar biya a 2010, Samsung a 2011, kuma takardun kotu sun nuna Samsung ya biya sama da dala biliyan 1 a shekara guda. Irin wannan kuɗi dai a ƙarshe cikin farashin waya yake narkewa.

Tun a 2007 Microsoft ya shaida wa mujallar Fortune cewa buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda rubutunsu ke buɗe ga kowa, sun taka haƙƙoƙin ƙirƙirarsa 235, guda 42 a cikin ƙashin bayan Linux kaɗai, amma bai jera su ba. A ganina wannan ba adalci ba ne. Wanda ya ce an shiga haƙƙinsa ya nuna wurin, don masu rubutu su gyara ko su ƙalubalance shi.

Daga baya iska ta juya. A Oktoban 2018 Microsoft ya shiga ƙungiyar Open Invention Network, wadda aka kafa a 2005 don mambobinta su daina kai juna ƙara a kan Linux, ya shigo da haƙƙoƙin ƙirƙira kusan 60,000. A 2019 ya buɗe bayanan exFAT, tsarin ajiyar fayil na manyan katunan memori, aka shigar da shi cikin Linux 5.4. Shi ya sa yanzu babban katin memori ke buɗewa a Linux ba tare da wahala ba.

Tambaya: Shari'ar Oracle da Google fa, me ta shafa, kuma wa ya yi nasara?

Amsa: Google ne ya yi nasara, bayan an kwashe sama da shekara goma ana bugawa. Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai harshen rubuta manhaja na Java, a 2010, kuma a shekarar ya kai Google ƙara kan amfani da Java a Android, inda daga baya ya nemi kusan dala biliyan 9.

Abin da aka yi rigima a kai shi ne sunayen umarni da yadda aka jera su. Mai rubuta manhaja da Java ya san idan ya rubuta Math.max(5, 9) zai samu 9, wato mafi girman lambobin biyu. Google ya rubuta nasa aikin da ke gudana a ƙarƙashin umarnin, amma ya bar sunayen da tsarinsu yadda suke, layi kusan 11,500, don wanda ya iya Java ya rubuta manhajar Android ba sai ya koma koyo daga farko ba. Kotuna suka yi ta juya hukunci, wannan ta ba Google, ta ɗaukaka ƙara ta ba Oracle, har aka kai Kotun Ƙolin Amurka. Ranar 5 ga Afrilun 2021 alƙalai 6 suka rinjayi 2, suka ce abin da Google ya yi halastaccen amfani ne. Sai dai kotun ba ta yanke ko irin waɗannan sunaye na da haƙƙin mallaka ko babu ba, ta bar wannan a buɗe. Hukuncin ya yi mini daidai, domin da an ba Oracle, duk mai son haɗa manhajar da za ta yi aiki tare da ta wani sai ya fara neman izini.

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai koyon haɗa manhaja. Zan iya ɗaukar Linux in gyara in sayar?

Amsa: Za ka iya, amma da sharaɗi, kuma mutane da yawa na mantawa cewa buɗaɗɗiyar manhaja ma tana da masu ita. Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 a Helsinki, ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL a 1992. Lasisin ya yarda ka gyara, ka raba, ka sayar, amma duk wanda ka ba manhajar dole ka ba shi damar samun rubutun asalinta har da gyaran da ka yi, a kan sharaɗin da kai ma ka samu.

Manyan kamfanoni ma sun sha kamu a nan. A 2003 aka gano rautar Linksys WRT54G, na'urar raba intanet, da Linux take aiki, aka matsa wa kamfanin ya saki rubutun, daga nan aka samu manhajar OpenWrt da ake ɗora wa rautoci har yau. A 2006 wata kotu a Frankfurt ta Jamus ta samu D-Link da saɓa wa GPL, a 2008 kuma gidauniyar Free Software Foundation ta kai Cisco ƙara, aka sasanta a 2009.

Idan so kake ka rufe gyaranka, duba babbar manhajar FreeBSD, lasisinta ya yarda da haka, a kanta ma Sony ya gina manhajar PlayStation 4. Kuma ka raɗa wa abinka sabon suna, domin sunan Ubuntu da tambarinsa mallakar kamfanin Canonical ne. Kafin ka saka rubutun wani cikin aikinka, buɗe fayil ɗin da ake sa wa suna LICENSE ko COPYING, ka karanta shi daga farko har ƙarshe.