Tambaya da Amsa: Gudun sandar injina bai yi daidai da umarnin da nake bayarwa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da ƙaramin shagon aikin ƙarfe a Kano, kuma ina amfani da injin sassaƙar ƙarfe na CNC, wato mai aiki da umarnin kwamfuta, wanda na saya na hannu. Iyakar gudun sandarsa, wadda ke juya bakin yanka, juyi 6000 ne a minti ɗaya. A watan jiya inbatarsa, wato na'urar da ke sarrafa gudun moton, ta ƙone, wani mai gyara ya sa mini sabuwa. Tun daga lokacin, idan na rubuta S3000, wato umarnin juyi 3000 a minti, allon yana nuna 3000, amma kunnena yana gaya mini cewa gudun bai kai haka ba. Bakunan yanka sun fara karyewa, sannan da rana tsaka inbatar takan yanke aiki da kanta. An ba ni shawarar in canza moto gaba ɗaya. Shin in canza?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka canza moton tukuna, domin a cikin abin da ka bayyana babu wata alama da ta nuna cewa shi ne mai laifi, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a jikin injin.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, lambar da ke kan allo ba shaida ba ce. A injuna da yawa, musamman waɗanda ba su da inkoda, wato na'urar da ke ƙirga juyin sandar ta mayar wa kwamfuta da rahoto, allon yana maimaita abin da ka umarta ne kawai. Saboda haka ka nemi takomita ta hannu, wato na'urar awon gudun juyi, ka manna ɗan farin tef mai ƙyalli a jikin sandar, ka tabbatar maɓallin ƙara gudu da rage shi yana kan kashi 100, sannan ka auna ba tare da yanka komai ba a S1000, S3000 da S5000. Ka rubuta sakamakon a takarda, domin yadda kuskuren yake tafiya shi ne zai nuna maka inda ciwon yake.

Umarninka yana bin hanya guda. Kwamfuta tana karanta S3000 da M03, wato umarnin kunna sandar, ta mayar da su ƙarfin lantarki tsakanin bolt 0 da bolt 10, inbata ta karɓi wannan ta fitar da haz ɗin da ya dace, wato yawan kaɗawar wutar a daƙiƙa ɗaya, moto ya juya, bel ya kai juyin ga sandar. A injinka bolt 10 na nufin juyi 6000, don haka S3000 ya kamata ya ba da bolt 5 a bakin wayoyin da ke shiga inbata. Idan mitarka ta nuna bolt 5, kwamfuta ta fita daga zargi.

Zatona ya fi ƙarfi a kan saitin sabuwar inbatar. Inbatoci da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu suna fitowa daga masana'anta da iyakar haz 50, alhali injin da aka ƙera domin Amurka, alal misali, motonsa na haz 60 ne. Moto mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu, yana yin kusan juyi 1500 a haz 50, yana yin kusan 1800 a haz 60, wato kashi ɗaya cikin shida ya tafi ke nan. Idan haka ne abin da ya faru, takomita za ta nuna maka kusan 830 a S1000, 2500 a S3000, da 4170 a S5000. Kuskuren da ke tafiya da ma'auni ɗaya daga ƙasa har sama kusan kullum na saiti ne ko na girman fuli, wato ƙarfen da bel yake juyawa a kai, kuma gyaransa bai wuce 'yan mintuna ba. Sai dai ina roƙonka kada ka ɗaga haz da ka. Ka karanta farantin da ke jikin moton, ka shigar da bolt, amfiya, haz da juyin da aka rubuta a kai cikin inbatar, ka kuma duba littafin injin don sanin iyakar haz da maƙeransa suka sa.

Karyewar bakunan yanka ma daga nan take iya fitowa. Baki mai haƙora huɗu da ke tafiyar milimita 600 a minti a juyi 3000, kowane haƙori yana cizon milimita 0.05. Idan juyin ya sauka zuwa 2500 kuma tafiyar ba ta ragu ba, cizon ya zama 0.06, ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan. Idan kuma bel yana santsi har juyin ya faɗi zuwa 1500 a tsakiyar yanka, nauyin ya ninka, kuma siririn baki ba zai jure ba. Don haka idan awon ya yi daidai a sarari amma gudun yana faɗuwa da zarar baki ya shiga ƙarfe, ka duba bel: ko ya saki, ko gefensa ya yi sheƙi, ko mai ya zuba a kansa. Ka saurari boris ma, ka taɓa gidansa bayan aiki, domin zafin da hannu ba zai iya jurewa ba alama ce ta lalacewa.

Idan kuwa gudun yana hawa yana sauka da kansa, galibi wayar bolt 10 ce aka shimfiɗa kusa da wayoyin moto tana kwasar hayaniyar lantarki. A raba su, a yi amfani da waya mai rigar raga, a haɗa ragar da wayar ƙasa kamar yadda littafin inbatar ya nuna.

Yankewar rana tsaka matsala ce ta daban, kuma inbatar da kanta tana faɗin dalili ta hanyar lambar da take nunawa lokacin da ta tsaya, wadda ya kamata ka kwafe kafin ka sake kunnawa. Yawancin inbatoci an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfinsu har zuwa zafin digiri 40, kuma cikin rufaffen akwati a Kano a watan Afrilu yana wuce haka nesa ba kusa ba, balle idan ƙurar hunturu ta toshe fanka da matatar iska. Idan lambar ta nuna ƙarancin wuta ne, ka duba janareta ko layin da ke shigo maka, musamman a lokacin da kwamfureso ko injin walda ke tashi.

Kafin hannunka ya taɓa cikin akwatin, ka kashe wuta daga babban makunni, ka jira mintunan da aka rubuta a jikin inbatar, sannan ka auna da mita. Kafasitocinta, wato kayan da ke ajiye wuta a cikinta, suna riƙe sama da bolt 500 a layin wuta mai fes uku ko bayan an kashe, kuma wannan ya isa ya kashe mutum. Awon bolt 5 da ke buƙatar wuta a kunne, ka bar wa ƙwararren mai aikin lantarki idan ba ka saba ba. Ka aiko mana da lambobi ukun da takomita ta ba ka tare da abin da ke rubuce a farantin moton, mu duba su tare.