Shin Shakina ta Yahudawa ita ce Sakinar da ke cikin Alƙur'ani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina karatun addinai a jami'a, an koya mana cewa Yahudawa suna da aƙidar Shakina, wato halartar Allah a tsakanin bayinsa. Wani ya ce ita ce Sakinar Alƙur'ani. Ya halatta in yarda da haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, karanta aƙidar wasu domin ilimi ba laifi, matuƙar ka san taka. Amma a ce abu ɗaya ne kai tsaye, wannan bai inganta ba, domin su kansu Yahudawa bakinsu bai zo ɗaya a kanta ba.

A Talmud, littafin karantarwar malamansu, sun ce duk inda aka kai Bani Isra'ila bauta, Masar ne ko Babila, Shakina tana tare da su, kuma tana sauka ga masu zaman karatun Attaura. Malaminsu Sa'adiya, mutumin Fayyum wanda ya rasu a 942, ya ce haske ne da Allah ya halitta, kuma Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya karkata nan. Sai mutanen Kabbala, wato masu ilimin ɓoye na Yahudawa, musamman a littafin Zohar da ya bayyana a Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13, suka mai da ita ta goma cikin matakan bayyanar Ubangiji, suna siffanta ta da mace mai rabuwa da ɓangaren namiji ta sake haɗuwa da shi. Wannan kam Musulmi ba ya kusantarsa. Allah ba ya rarrabuwa, ba ya shiga cikin halitta, babu abin da ya yi kama da shi.

Sakina kuwa ta zo sau 6 a Alƙur'ani: a akwatin zamanin Ɗalutu (Baƙara 248), a Hunaini da kogon hijira (Tauba 26 da 40), sai sau 3 a Fat'hi. Allah ne yake saukar da ita, ba ita ce Shi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Bara'u ɗan Azib cewa wani sahabi yana karanta Suratul Kahfi, girgije ya lulluɓe shi har dokinsa ya firgita, Annabi (SAW) ya ce Sakina ce ta sauka saboda Alƙur'ani. Ko a tafsiran magabata, wallahi sai an yi hattara, don labaran Isra'iliyat sun kutsa, har da mai cewa kan kyanwa ce. Ɗabari ya rinjayar da maganar Aɗa'u: ayoyi ne da zukata ke natsuwa da su.

Don haka in an ce Shakina halitta ce da Allah ke saukarwa ga bayinsa, ya yi kusa da namu. In an ce zatin Allah ne ko wani yankinsa, haramun ne ka ƙudurce shi, domin ya rushe tauhidi. Abin da shari'armu ba ta taɓo ba, kada ka gaskata, kada ka ƙaryata. A jarabawa rubuta aƙidarsu yadda suka faɗe ta, ka jingina musu, ba tare da ƙari ko izgili ba. Wallahu a'alam.