Amsar tambayar Kawu a kan ƙarewar zinari

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina gaida na Garwa da na Njamena. Kawu na ji tambayarka, wai da gaske masana sun lissafa ranar da zinarin duniya zai ƙare? To ranka ya daɗe ba ranar ƙarewa suke nema ba, shekarar da haƙo zai kai ƙololuwa suke nema, daga nan ya fara gangara alhali arzikin na nan kwance a ƙasa.

Wani masani ɗan Amurka, Hubbert, shi ya fito da lissafin a 1956, a kan man fetur ma ya yi, ya ce a ƙiyasta duk abin da ke ƙasa, a duba saurin cirowa, in an ci wajen rabi sai a fara sauka, ya ce na Amurka zai kai ƙarshen hawa wajen 1970 kuma haka aka yi. Zinari ma ga Afirka ta Kudu, a 1970 ton 1000 suka haƙo, yanzu wajen ton 100 ne, kuma ba wai babu ba ne fa, akwai, amma ramin zinarinsu na Mponeng zurfinsa ya kusa kilomita 4, zafin ciki sai an sanyaya da ƙanƙara kafin mutum ya iya aiki, ka ga kowane giram sai ya ci kuɗi ya ci wuta ya ci gumi. Yaranmu da ke zuwa haƙar zinari Kouri Bougoudi can Tibesti a arewacin Chadi sun san wannan ba tare da boko ba, na sama-sama ake fara tsinta, wanda ya zo daga baya sai rami mai zurfi.

Amma Kawu kar a riƙe lissafin kamar yankan wuƙa, don Amurkan nan a 2018 ta wuce man da ta haƙo a 1970 bayan sun samu dabarar fasa dutse su ciro man da ke cikinsa. Zinari ma in farashi ya tashi, ƙasar da aka zubar jiya sai a koma a sake wanke ta.

Ni abin da ke damuna wallahi namu ne. Man Doba na kudancin Chadi 2003 aka fara tura shi Kribi, bakin teku a Kamaru, shekaru kaɗan rijiyoyin suka fara ja da baya. Lissafin duniya yana iya kuskure, amma rami guda da rijiya guda dole su sauka, shi ya sa nake roƙon duk mai ɗa a wajen haƙo ya matsa masa ya sayi ko shanu ne tun ana samu.