Kyamarata Leica M6 tana kuskure saiti: yaya zan gane inda matsalar take?

Tambaya: Malam, ina da Leica M6 da gilashi mai milimita 50. Idan na saita a kan idon mutum a f/2, wato ƙofar hasken gilashin tana buɗe sosai, sai kunnensa ya fito tar, idon kuma dishi-dishi. Zan iya gyarawa da kaina?

Amsa: A wannan kyamarar ba ta cikin gilashin kake kallo ba. Tagogi biyu ne a gabanta suke hango abu daga kusurwa daban, suna ba ka siffa biyu a tsakiyar madubin leƙe, kuma bayan gilashin ne yake tura wata ƙaramar taya da ke saman bakin kyamarar daga ciki, ita kuma ta motsa siffa ta biyu har ta hau kan ta farko. Idan tayar ta goce ko da kaɗan, saboda faɗuwa ko jijjigar tafiya, siffofin za su haɗu a idonka alhali saitin da ke kan fim yana wani wuri. A f/2 da tazarar mita 1, abin da ke fitowa tar bai kai santimita 5 ba, shi ya sa kuskuren ya bayyana tsakanin ido da kunne.

Ka fara da gwajin nesa. Ka murɗa gilashin zuwa alamar ∞, wato saitin nesa na ƙarshe, ka dubi wata da dare, domin gini mai nisan mita 50 bai isa ba. Idan siffofin ba su haɗu ba, ka gwada wani gilashin, saboda idan da ɗaya kaɗai ake samun kuskuren, kyamarar lafiyarta ƙalau, kuma taɓa ta zai ɓata saitin sauran.

Sai gwajin kusa. Ka kafa kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku, ka jingine rula a karkace mita 1 daga gare ta, ka saita a kan lamba ɗaya, ka ɗauka a f/2 sau da yawa, kowane karo kana sake saitin daga farko. Lambar da ta fi fitowa tar ita za ta nuna maka ko saitin ya wuce baya ko ya tsaya gaba.

Gyaran nesa kam kana iya yi. Idan ka cire gilashin, a tsakiyar tayar akwai gurbin alanki mai milimita 2. Ka juya shi ɗan ƙiris, ka mayar da gilashin, ka sake duban watan, har siffofin su haɗu, ba tare da ka danne hannun da ke riƙe da tayar ba. Amma idan nesa ya daidaita kusa bai daidaita ba, tsawon wannan hannun ne yake bukatar gyara, kuma shawarata ita ce ka kai wa ƙwararren mai gyara, domin kowane juyi a nan yana sake ɓata na nesa. Haka ma idan siffa ɗaya ta ɗara ɗaya tsayi, don wurin gyaranta a M6 yana ƙarƙashin jan tambarin gaba kuma yana bukatar kayan aiki na musamman.