Amsa: kai Wi-Fi na kamfani daga Ikeja zuwa Apapa, Victoria Island da Kano

Wa alaikumus salam, Injiniya. Yadda na fahimci tambayarka, kuna da SD-Access na Cisco (tsarin da ke haɗa na'urorin sadarwar wuri su zama gida ɗaya, wanda ake kira fabrik) a hedikwata a Ikeja da kontirolar Wi-Fi Catalyst 9800, yanzu kuma oga yana son Wi-Fi iri ɗaya a sitonku na Apapa, ofishin Victoria Island (VI) da ƙaramin reshen Kano, amma kontirolar Ikeja ta riƙe su duka don a rage kashe kuɗi.

Don Allah kar ka sa hannu a takardar sayen komai sai ka auna layukan da ke tsakanin wuraren nan. Layin ne zai yanke maka tsarin, ba kuɗin kontirola ba.

Ga dalili. A cikin fabrik, kowace AP, wato na'urar da ke watsa siginar Wi-Fi, hanya biyu take bi. Umarni yana tafiya tsakaninta da kontirola ta bututun CAPWAP, amma kayan masu amfani ba sa zuwa kontirola ko kaɗan: AP ce ke naɗe su cikin wani ƙunshi da ake kira VXLAN ta miƙa wa suwic ɗin da take jone a kai. Wannan ya zo da sharuɗɗa. Tafiya da dawowa tsakanin AP da kontirola kar ta wuce milisakan 20. Sannan kontirola ɗaya fabrik ɗaya take yi wa aiki. Ke nan in ka nace sai ta Ikeja, dole ka miƙe fabrik ɗin Ikeja ya haɗiye Apapa da VI su zama gida ɗaya. Ranar da masu aikin titi suka datse faiba, AP ɗin Apapa sun rasa kontirola, suwic ɗin can ya rasa na'urar LISP da yake tambaya ina wane yake, ma'aikacin sito yana tsaye da sikana a hannu ba ta karanta komai, tireloli kuma sun yi layi a ƙofa. Ni ban ba ka shawarar wannan ba, sai in kuna da faiba taku ta kanku, biyu, kowacce da hanyarta.

Awon kuwa ba na minti biyar ba ne. Saki ping na mako guda cur, ya ratsa lokacin da aiki ya yi zafi da rana, kuma ka duba mafi munin sakamako, ba matsakaici ba. In layin Apapa na rediyo ne, sai ka ga yadda yake yi ranar ruwan sama mai ƙarfi, don ruwan Legas yana kwantar da irin waɗannan layuka.

Abu na biyu da za ka auna shi ne MTU, wato iyakar girman fakitin da layi ke iya ɗauka, kuma nan ne aka fi shan wahala. VXLAN tana ƙara bait 50 a kan kowane fakiti, shi ya sa a cikin fabrik ake ɗaga MTU zuwa 9100. Layin haya kuwa sau da yawa 1500 yake tsayawa. Gwada daga suwic zuwa suwic da ping mai girman 1550 tare da df-bit, alamar da ke hana a rarraba fakitin a hanya. In bai wuce ba, VXLAN ba za ta bi layin nan lafiya ba. Alamar ciwon tana ruɗa mutum: waya ta haɗu, ta samu adireshin IP, ping yana tafiya sumul, amma shafi ya buɗe rabi ya tsaya, fayil ya ƙi sauka. Sai a yi ta zargin sigina ana ƙara AP, alhali manyan fakitoci ne ke faɗuwa a hanya. Umarnin ip tcp adjust-mss 1250 yana rage zafin abin, amma TCP kawai yake taimaka wa. Ka sa mai ba ku layi ya rubuta MTU ɗinsa a cikin yarjejeniya, maganar baki ba ta isa ba.

Tsarin da nake ganin ya dace da ku: kowane wuri ya tsaya da ƙafarsa. VI da Apapa kowanne ya zama fabrik mai zaman kansa a kan Catalyst 9300 guda biyu a haɗe, su ne bakin iyakar fabrik da waje, su ne LISP, su ne suwic na masu amfani, kuma kontirolar Wi-Fi tana zaune a cikinsu, ba sai ka sayi akwati daban ba. Catalyst Center, wato cibiyar da ake sarrafa dukkan na'urorin daga cikinta, guda ɗaya a Ikeja ta isa ta sarrafa su, don ita tana jure jinkiri fiye da AP nesa ba kusa ba. Kano kuwa, in AP huɗu ko biyar ne, kar ka wahalar da kanka da fabrik. Sa su a FlexConnect, tsarin Cisco na AP da ke reshe mai nisa, a kan wata kontirola daban, ko da 9800-CL ce, wato kontirola ta manhaja a cikin saba. Wannan tsarin yana ɗaukar jinkiri har milisakan 300, kuma kayan masu amfani a can Kano suke sauka.

Sunan Wi-Fi ɗaya zai bayyana ko'ina, wannan ba matsala ba ce. Sai dai ka gaya wa oga tun yanzu cewa wanda ya bar Ikeja ya isa Apapa sabon adireshi zai samu, a sake tantance shi. Kowane wuri ka ware masa nasa rukunin adireshi.

Inda za ka natsu sosai shi ne mahaɗar fabrik da fabrik. In layi ya ɗauki babban fakiti, mahaɗa irin ta SD-Access tana wucewa da VXLAN yadda take, da rabon hanyoyi da lambar SGT ta kowane mutum, wadda ke nuna rukuninsa da abin da aka yarje masa ya taɓa. In bai ɗauka ba, sai mahaɗar IP: bakin iyaka ya kwance VXLAN, ka gina VRF (keɓantaccen teburin hanyoyi) da zaman BGP (musayar bayanan hanyoyi) ga kowace hanya ɗaya bayan ɗaya, lambar SGT kuma ta faɗi a nan sai ka dawo da ita ta SXP, ƙa'idar da ke isar da lambar SGT daban. Mutane suna mantawa da wannan. Sakamakon shi ne ɗan kwangilar da aka hana taɓa sabar akanta yana Ikeja, ya je Apapa ya buɗe kwamfutarsa ya shiga salin alin. Ka gwada wannan da hannunka kafin ka miƙa aiki.

Saura ISE, sabar da ke tantance masu shiga. Ko da kowane wuri yana da kontirolarsa, in sabar tantancewa tana Ikeja kaɗai, yankewar layi tana nufin sabon mai shigowa ba zai haɗu ba. Ko ka ajiye ƙaramar ISE a wurin da ya fi muhimmanci, ko ka ɗauki layi na biyu. Kuma ka tambayi kamfanonin biyu ta ina faibarsu ta bi, musamman mai tsallaka ruwa zuwa VI, don kamfani biyu suna iya kwana a rami ɗaya.

In AP ta ƙi haɗuwa da kontirola, fara da DHCP, sabar da ke raba adireshi: zaɓi na 43 yana nuna adireshin kontirolar da ya dace? Saba tana mayar da zaɓi na 82 yadda aka aiko shi? Sai ka duba ko suwic yana da takamaimiyar hanya zuwa kontirola a teburinsa, don hanyar gama-gari ba ta wadatar a nan. Duba agogo ma, in NTP bai daidaita ba satifiket zai ƙi karɓuwa. In kuma tokumbo za ku saya, ku karanta harafin ƙarshen lambar AP. Mai -B ta Amurka ce, za ta iya haɗuwa amma rediyonta ya ƙi tashi.

Sito kuma a auna siginarsa lokacin da kaya suka cika shi har sama, ba ranar da yake wayam ba, a nemi ƙarfin sigina na -67 dBm a tsakanin layukan kantocin kaya, da eriya mai fuskantar lungu. Yawancin AP na Wi-Fi 6 suna son wat 30 kowacce, ka lissafa ƙarfin PoE, wato wutar da suwic ke ba AP ta wayar sadarwa, tun kafin a ɗaura su. UPS ɗin ma ya zama wanda ba ya ƙiftawa, don daƙiƙa kaɗan na sauyawa zuwa janareto sun isa su kashe suwic, shi kuma sai ya ɗauki mintuna kafin ya tashi, AP su biyo baya.

Turo mana sakamakon ping ɗin da MTU na layukan uku, da adadin AP na kowane wuri, sai mu duba wace mahaɗa za ta yi muku.