Data na zurarewa cikin dare: ko an kame mana na'ura?

Tambaya: Malam, ni ke kula da intanet ɗin wata makaranta. Data na ƙarewa cikin dare alhali ba kowa a ofis, manhajar kashe bairos kuma ta ce lafiya lau. Yaya zan gane ko na'urorinmu sun faɗa botnet?

Amsa: Ɗan'uwa, fara tabbatar da ba Windows ce ke sabunta kanta ba. In ba ita ba ce, bar laluben cikin kwamfuta ka koma bakin rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, don duk abin da zai fita ta nan zai bi.

Botnet runduna ce ta na'urorin mutane da ɓarawo ya kame yana juya su daga nesa. Lagonta shi ne dole kowace na'ura ta riƙa kiran ubangidanta tana neman umarni. Ko an kulle abin da ke cikin saƙon, lokacin kiran da girmansa ba sa ɓuya. Mutum yakan buɗe shafi, ya tashi salla, ya dawo ya buɗe wani. Kamammiyar na'ura kuwa za ka ga tana tuntuɓar adireshi guda duk minti biyar, ɗan saƙo iri ɗaya, har ƙarfe uku na dare. Masu wayo kan ɗan jirkita lokacin, saboda haka ka tara bayanan kwana biyu zuwa uku da manhajar Zeek ko Wireshark, masu bin diddigin shige da ficen data, kafin ka yanke hukunci.

Duba kuma tambayoyin DNS, wato tambayar da na'ura ke yi don samun adireshin shafi daga sunansa. Bairos ɗin Conficker, da ya ɓulla a 2008, yana ƙirƙiro sunayen shafuka 250 kullum yana neman wanda ubangidansa ya yi wa rajista. Na'urar da ke ta tambayar sunaye marasa kan gado ana ce mata babu su, abar zargi ce.

Ni dai na fi zargin kyamarorin tsaro, tunda manhajarka ba ta leƙa cikinsu. Irin waɗannan na'urori ne bairos ɗin Mirai ya tara ya afka wa Dyn, kamfanin hidimar DNS a Amurka, ranar 21 ga Oktoba 2016, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa. Mirai na ƙwanƙwasa ƙofar Telnet, wato hanyar shiga na'ura daga nesa, mai lamba 23 da 2323, yana gwada kalmomin sirrin masana'anta kusan 60. Kyamara ba ta da dalilin buga ƙofofin dubban baƙin adireshi.

In ka kama ta, zare ta daga intanet, ka kashe ka kunna, ka sauya kalmar sirri, ka toshe Telnet, sannan ka mayar. Kashewa na goge Mirai, amma da tsohuwar kalmar sirri, cikin 'yan mintoci za a sake kame ta.