Tambaya da Amsa: A'isha Muhammad Bakwai a Makaranta Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da rajistar ɗalibai a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, Kaduna. A Excel nake rubuta komai, shi ma mai karɓar kuɗi yana da nasa fayil daban. Zangon da ya wuce muka kori wata yarinya kan bashi alhali mahaifinta ya biya, ashe a sunan takwararta aka sa kuɗin. A'isha Muhammad bakwai gare mu. Shugabanmu ya ce mu sayi sabuwar manhaja. Ita ce mafita?
Daga wata Malama, Tudun Wada

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Wallahi na tausaya wa yarinyar nan, an fitar da ita a gaban ƙawayenta ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Ku dakata da sayen manhaja tukuna. Ko wacce kuka saya, in dai da suna kuke gane ɗaliba, sai an sake irin wannan. A nan Kaduna ki tsaya a bakin aji ki kira "A'isha", ki ga hannu nawa za a ɗaga. Shi ya sa banki ke neman BVN, hukumar NIMC kuma ta ba kowa NIN, kowanne lamba 11, don suna kaɗai ba ya raba mutum da takwaransa. Ku ma ku ba kowace ɗaliba lambarta, misali 2024-0137. Ko ta sauya aji tana nan da ita, in ta gama kuma ba a ba wa wata. A buga ta a kowane rasit, kuma kada a karɓi ko naira ɗaya sai an rubuta ta.

Sai batun fayil biyu, wanda ya fi damu na. Kowane bayani wuri ɗaya ake rubuta shi. Jadawali ɗaya na ɗalibai: lamba, suna, aji, wayar mahaifi. Wani na biyan kuɗi: lambar ɗaliba, ranar biya, adadin kuɗi. Lambar ce igiyar da ta ɗaure su. Wannan dabara ce Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da ita a 1970, kuma a kanta aka gina manhajojin adana bayanai irin su MySQL da Microsoft Access. Makaranta irin taku Access ya ishe ta, ko LibreOffice Base da yake kyauta.

Kowace Juma'a kafin a tashi, ki kwafi bayanan a filas, ki ajiye wani a Google Drive, don kwamfuta ba ta sallama in za ta mutu. Ki sa kalmar sirri kuma, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora muku nauyin tsare bayanan yaran nan.

Kafin duk wannan, ke da shugaban ku taka har gidan mahaifin yarinyar da kuka kora da rasit ɗinsa a hannu, ku ba shi haƙuri, ita ma yarinyar a ba ta a gaban ajinsu.